Yaya Muttaƙa da Mashin ɗin Damagaram

Wanda ya ba mu aron Yaya Muttaƙa ya karɓi abinsa ranar Laraba, sha biyu ga watan biyu na wannan shekara ta 1958, cikin watan azumin tsofaffi, gab da azahar, a zauren gidansa da ke bayan kasuwar Magariya. Dama nasa ne, mu ma nasa ne, kuma wurinsa za mu koma. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Waɗanda suka raka shi sun ce masu awon gyaɗa sun bar sikelinsu a rataye, ƴan dako sun ajiye buhuna a tsakiyar hanya, duk sun bi makara.

Ni ce Hinda, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai wuce ƴan shekarun da na yi a lakwal, makarantar bokon Faransa, ba, kafin ciwon Inna ya maido ni gida jinya. Maza sun zauna a zaure sun faɗi alherinsa, mu muna ciki muna jin tashin muryoyinsu. Amma akwai abin da na tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, ga shi kuma ƴaƴansa Fadi da Inusa ƙanana ne, ba za su riƙe komai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin su idan sun girma, da kuma abokansa na Kano waɗanda labari bai kai musu da wuri ba.

Yaya, na zauna da niyyar in yi maka kuka a takarda, sai na iske ɗoki ya riga kukan zuwa. Ka yi mini afuwa. Abin da ka yi a shekarunka na ƙarshe ba ya faɗuwa da murya ƙasa-ƙasa.

Kana saurayi ka tsallaka iyaka zamanin aikin tilas, ka tafi wurin dangin Inna. Can ka yi karatun Ingilishi, ka shiga wani gidan ɗab'i kana duba kurakurai kafin a buga, daga baya ka yi akawu a wani kamfanin fata da atamfa a Kano. Ni ban san fuskarka sosai ba sai da Baba ya rasu ka dawo riƙon gida. Ka sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da wani baƙin akwati a rungume kamar jariri, ka hana ƴan dako su taɓa shi. Kai kana ce wa abin da ke ciki tafireta, mu muna ce masa mashin, har sunan ya bi ka, aka koma kiranka Muttaƙa Mai Mashin.

A garin nan duk takardar hukuma da Faransanci ake yin ta, amma rabin cinikinmu da Kano yake. Mai son atamfa, mai sayar da fata, mai neman wakilcin wani kamfani, kowa sai ya aika da takarda cikin Ingilishi. Ka kafa tebur a zaure. Mutum ya faɗi buƙatarsa da Hausa, kai ka juya ta a kanka, yatsunka su zuba ta a takarda.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, Ingilishin ɗaya ne amma ba ka buga shi iri ɗaya. Takardar wannan kamfani kwanan wata yana dama, ta wancan yana hagu. Na tambaye ka wanne ne daidai. Ka ce:

"Hinda, in kin je gidan Gwaggo Tani, a ina kike cire takalmi?"

Na ce a bakin zaure.

"Gidan Alhaji Mainassara fa?"

Na ce sai na kai ƙofar ɗaki.

"To wa ya yi kuskure a cikinsu?"

Na ce babu ko ɗaya. Ka ce haka kamfanoni suke, haka gidajen ɗab'i suke. Kowanne ya zaɓi yadda ake shiga masa gida, baƙo mai hankali kuma sai ya kiyaye. Daga ranar nake kallon aikinka da wani ido. Wani gida yana son a bar fili biyu bayan aya, wani ɗaya ya ishe shi. Wani yana son a rubuta sunan wata a cike, wani a gutsure shi. Akwai wanda ba ya son lamba idan adadin bai kai goma ba, sai a rubuta shi da kalmomi. Akwai kalmomin da ake rubutawa iri biyu, kowane gida da wanda ya riƙe. Gefen takarda na hagu kana auna shi da yatsu, wannan gida uku, wancan huɗu. Har naɗin takarda kafin ta shiga ambulan, kowa da nasa. Duk wannan yana kanka, ban taɓa ganin ka duba wani abu ba.

Ni da mushe, malaminmu na lakwal, ya koya wa in yi wa lambar bakwai ɗamara, in bar fili kafin alamar tambaya, in fara sunan wata da ƙaramin baƙi, ranar da na nuna maka rubutuna dariya ka yi. Ba ka ce na yi kuskure ba. Ka ce, "Wannan ladabin Faransa ne, mai kyau ne kuwa. Ajiye shi sai ranar da za mu biro ɗin kumandan, ofishin hukuma." Sunan garin iyayenmu ma haka. Faransa suna rubuta Kouaya, mutanen Kano suna rubuta Kwaya. Ka ce kai ba ka shiga wannan gardama, a zaɓi ɗaya kawai a tsaya a kansa daga saman takarda har ƙasanta, kada gari ya canza suna a tsakiyar shafi.

Kamfanin da ya fi kowanne tsanani shi ne wanda Alhaji Mainassara, babban falken unguwarmu, yake saro atamfa a wurinsa. Babban akawunsu yana maido da duk takardar da ta saɓa wa tsarinsu, da jan alƙalami a jikinta, ciniki ya tsaya sai an sake bugawa an sake aikawa. Taka ba a taɓa maido ta ba.

Kuma ba ga manya kaɗai kake wannan kulawa ba. Na tuna wata tsohuwa da ta tako daga Sassumbrum da ƙwaryar nono a ka. Ɗanta yana aikin jirgin ƙasa can wajen Kano, ya daɗe bai zo gida ba, tana so a roƙi manyansa su ba shi hutu ta gan shi. Ka buga mata, sai magana ta cika shafi, wurin dangwala yatsanta ya faɗa a shafi na biyu shi kaɗai. Ka yage, ka sake daga farko. Alhaji yana tsaye, kamyonsa yana ruri a waje. Ya ce, "Malam, wa zai duba wannan? Ta dangwala ko ina ne." Ka ce, "Ba a barin sunan mutum shi kaɗai a shafi, Alhaji. Kuma ta riga ka zuwa." Nonon ma rabi ka karɓa, ka ce ta sha sauran a hanya. Ɗan nata ya zo kafin damina ta sauka.

Sai ido ya fara ja da baya. Lokacin ni mijina ya rasu, na dawo gidanka da zama. Lokotoron Damagaram, wato likita, ya duba ya ce ba yana ba ce balle a cire, jijiya ce take mutuwa. Da ka dawo ba ka kwanta ba. Ka kira ni zaure ka ce yatsunka sun daɗe da daina neman izinin ido, abin da kake buƙata shi ne mai dubawa. Ka koya mini yadda kuke yi a gidan ɗab'i: mutum biyu, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ba ya tsallake ko ɗigo, ɗaya yana bi. Ni ban san Ingilishi ba, don haka baƙi-baƙi nake kira, da sunayen da aka koya mini a lakwal, kai kana harhaɗa su a kanka. Alamomin kuwa muka raɗa musu suna. Aya ta zama ƙwayar gero, waƙafi ƙugiya, ɗigo biyu tagwaye. Idan na zo kan babban baƙi sai in ƙwanƙwasa tire. Idan fili ne in ce fili, idan biyu ne in faɗa sau biyu. Kai kuma kana juya takardar ka shafa bayanta, domin aya da waƙafi suna huda takarda kaɗan, yatsanka yana jin su a inda suka tsaya.

Matarka Altine ta kan leƙo ta ce, "Kun tashi tasbihin Nasaran nan ke nan, Malam? Tuwo dai ya huce." Kai kuma ba ka ko juyowa, sai ka ce, "Altine, ƙwayar gero." Ta san nufinka ta tsaya nan, sai ta tafi tana dariya tana cewa gero dai a rumbu ta san shi.

Haka muka yi ta tafiya lafiya har daminar bara waccan, wadda aka yi ruwa mai yawa. Wata safiya, muna ciki, azarar zaure ta karye, rufi ya rufto kan tebur. Allah ya tsare rai. Amma da aka tono mashin ɗinka, ya lotse, ƙashin bayansa ya karye. A lokacin kai kuma haske da duhu kawai kake bambancewa.

Baffa Maigari, ƙanen mahaifinmu, ya zo jaje daga Kwaya. Ba da mugunta ya yi magana ba, yana son ka. Ya ce, "Muttaƙa, Allah ya karɓi ido, ya karɓi mashin. Me kuma kake jira a faɗa maka? Ku taho gida. Akwai inuwa, akwai hatsi a rumbu, ba za ka nemi komai ba." Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baffa, abin da nake tsoro ke nan." Ya yanke magana ya ce idan aka buɗe awon gyaɗa ba ka koma kan tebur ba, zai zo da takarkarai ya kwashe mu da kayanmu. A gidanmu ba a musu da Baffa. Bayan ya tafi ka ce mini, "Hinda, a Kwaya za a shimfiɗa mini buzu a gindin bishiya, kowa ya zo wucewa ya ce sannu Malam. Sannun nan ce za ta kashe ni."

Alhaji Mainassara ne ya tashi ya tafi Damagaram da kansa, ya samo wani tsohon mashin a shagon wani kwara, Balarabe ɗan kasuwa. Ranar kasuwa ya iso da shi. Yaya, ka tuna ranar? Labari ya riga kamyon isowa. Sabon zauren da aka rufe da zana ya cika, na waje suna ɗaga ƙafa suna leƙe. Ka shafa mashin ɗin gefe da gefe, ka sansana mansa, ka zura takarda, ka gyara zama. Da yatsunka suka sauka, ƙarar nan da muka yi wata da watanni ba mu ji ba ta cika gidan, kamar ruwan farko a kan kwano. Altine ta rangaɗa guɗa daga ciki. Ƙararrawar mashin tana bugawa a ƙarshen layi kana maido da takarda farkon sabon layi, fuskarka tana haske. Ka zare takardar ka miƙo mini kana murmushi, ka ce, "Duba, Hinda."

Na fara kira. Inda kake jiran a, na ce q. Ka ce in sake. Na sake, shi ne dai. Na ci gaba, ga shi nan kuma, ga wani, ga wani. Wurin kwanan wata babu lamba ko ɗaya, sai wasu baƙaƙe masu hula da alamomin da ba ka kira ba. Ka karɓi takardar ka shafa bayanta, ba ka iske aya a inda ka ajiye ta ba. Na so ƙasa ta buɗe, amma kai ka koya mini cewa mai dubawa ba ya rufa wa takarda asiri, don haka na karanta har ƙarshe.

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na ji wani a waje yana cewa, "Allah sarki, ido ai ido ne." Ka ɗora hannuwanka a gwiwa. Sannan ka ce, "Ashe yatsun ma sun bi idon." Ka ce wa Altine ta fara ɗaure kaya. Ban taɓa ganin ka saki ba sai ranar.

Babu wanda ya zargi mashin. Kai a Ingilishi ka yi aikinka duka, hannunka bai taɓa hawa mashin ɗin Faransa ba. Alhaji ba ya karatun boko. Ni kuma tun da muka fara, takarda nake kallo, ban taɓa kallon madannai ba.

Altine ce ta gano, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Muna haɗa kaya, ta zo za ta rufe sabon mashin da zane, sai ta tsaya. Ta ce, "Hinda, wancan na da, da nake sharewa kullum, a wannan kusurwar ludayi ne yake zaune. Wannan kuwa bukka ce." Na duba inda take nunawa. Abin da take kira ludayi Q ne, bukka kuma A. Muka jawo gawar tsohon daga ƙarƙashin gado, muka ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Ga shi nan fili. Baƙaƙe da dama ba a wurinsu ɗaya suke ba, layin lambobi daban, wurin aya daban. Na fita da gudu ba ko mayafi, na same ka a bakin ƙofa kana jan carbi. Na ce, "Yaya, ba yatsunka ba ne. Mashin ɗin ne Bafaranshe."

Ka sa na ɗora yatsanka a kusurwar nan, na faɗa maka abin da ke rubuce a kai, na matsa da shi gaba na sake faɗa. Kafin in kai ƙarshen layi ka fara dariya. Ka yi dariya har hawaye suka zubo, har Fadi ta tsorata ta ruga bayan uwarta. Ka ce, "Na shiga gidan mutane da takalmi, ina ta yi musu faɗa." Na ce to sai ka koyi sabon wurin. Ka ce, "Gyaɗa ta kusa shiga kasuwa, yatsun nan kuma sun tsufa da koyon sabon gida. Mashin ɗin za a koya wa Ingilishi. A kira mini Tanko."

Tanko maƙerin fari ne, mai ƙera zobba da awarwaro a bakin kasuwa. Ya zo ya zagaya mashin ɗin yana shafa gemu. Ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa yi wa ƙarfen Nasara aiki ba." Ka ce, "Ka taɓa ɗora dutse a kan zobe?" Ya ce kullum. Ka ce, "To shi ne." Ka nuna masa da hannu yadda kowane madanni yake da sanda, kowace sanda kuma da ɗan kai mai ɗauke da baƙi, an liƙe shi da dalma. A narkar da dalmar, a ɗage kan, a mai da shi kan sandar da yatsanka yake nema.

A tsakar gida aka yi aikin, da rana tsaka don Tanko ya ga abin da yake yi. Altine tana fifita gawayi, Tanko da hantsaki da magagari, kai a zaune kana faɗin wanda za a ɗauka da inda za a kai shi, ni ina nuna masa da tsinke. Waɗanda Bafaranshen ba shi da su, kamar alamar fam, da layin lambobi duka, daga gawar tsohon aka ciro. Ba su zo daidai ba, sai da Tanko ya yi ta gogewa yana gwadawa har suka tsaya kafaɗa ɗaya da ƴan'uwansu. Wani ya liƙe ya karkace, in ce ya kwanta hagu, a sake narkewa. Wuta ta lashi gefen gemunsa, ya ce, "Malam, gemun nan a kanka yake." Ka ce ya bari, za ka buga wa kamfani su aiko masa da sabo.

Yaya, ga wurin da na fi son rubutawa. Duk baƙin da aka gama, sai ka danna shi, ni in duba takarda in kira sunansa. Mutanen da suka zame ranar kasuwa sun dawo, sun hau katanga, sun cika ƙofa. Na ce a, sai na ji bayana an amsa, a. Ƴan dako, masu tallan goro, tsofaffin da ba su taɓa taka lakwal ba, duk suna amsawa kamar ƴan makaranta. Da aka zo kan aya, ka danna, ka juya takardar ka shafa, ka ce da kanka, "Ga ta nan." Sai katanga ta ɗauki sowa.

Takardar farko da ka zaɓa mu gwada da ita, ta kamfanin nan mai jan alƙalami ce. Na ce mu fara da mai sauƙi mana. Ka ce in mai tsananin bai karɓa ba, sauran ba shaida ba ne. Ka buga wa Alhaji buƙatarsa ta atamfar kaka. Na karanta maka baƙi-baƙi, na ƙwanƙwasa tire a inda ya kamata, ka auna gefe da yatsu, ka naɗe ta yadda suke so. Kamyo ya tafi da ita.

Kwanakin jiran nan a bakin zaure ka yi su, kunnenka yana hanyar kudu. Ka san kukan injin Alhaji a cikin duk motocin garin. Ranar da ya dawo, kai ka fara ji. Sai ga Alhaji, dattijo da shi, ya tattare babbar riga yana sassarfa, ambulan a hannu. Na karɓa na buɗe. Ka ce, "Tamu tana ciki?" Na ce a'a, tasu ce kaɗai. "Akwai ja?" Na juya gaba da baya, na ce babu. Ka ce in karanta. Na kira maka ita tun daga kwanan wata har sa hannu. Babu komai a ciki sai maganar dila nawa za a ɗora da ranar da za a ɗora su.

Ka karɓi takardar ka shafa ta. Sannan ka ce a hankali, "Ba su lura ba." Ka miƙe tsaye ka sake faɗa, "Hinda, ba su lura ba." Ka cire hularka ka cilla sama, kai da ko tafiya ba ka yi da gaggawa. Alhaji ya ce ai da sun san makaho ne ya buga, a mashin ɗin da maƙeri ya yi wa fiɗa, da sun aiko da yabo. Ka ce, "Allah ya tsare ni da yabon nan, Alhaji. Takardar da ta bi tsarin gida ba a tambayar wanda ya buga ta. An karanta, an biya buƙata, shi ke nan."

Baffa ya cika alkawarinsa. Makon da aka buɗe awo ya iso da takarkarai da igiyoyi. Ya iske zaure a cike, sai da ya jira aka matsa masa wuri. Ya zauna a gefe yana sauraron mu, kai kana bugawa, ni ina kira, mai takarda yana karɓa wani yana matsowa. Haka har azahar. Da aka tashi salla ya ce, "To, na gajiyar da shanu a banza." Ka ce, "Ku ɗora musu gishiri, Baffa, kada su koma haka." Ya yi dariya, ya ɗora hannu a kanka kamar kana yaro, ya sa maka albarka. Gishirin kuwa ya ɗora.

Daga nan ka yi kaka biyu a kan teburinka. Ranar Larabar nan ma da hantsi ka fito kamar kullum. Na ƙarshe da ka buga wa wani mai fata ne daga Dungas. Na karanta maka, ba ka gyara komai ba. Ka naɗe, ka miƙa masa, ka ce ya gaida mutanen gida. Sai ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, a kawo ruwan alwala. Ka jingina da bango. Kafin Altine ta iso da buta ka fara kalmar shahada, mutumin Dungas ko takalminsa bai gama sawa ba. Ba a taɓa shimfiɗa maka buzun nan ba, Yaya, ko na yini ɗaya. Da aikinka a hannu aka kira ka.

Bayan sadakar bakwai Alhaji ya aiko a tambaye ni ko zan iya ci gaba da buga musu. Na ce a faɗa masa gaskiya. Na san inda kowace alama take tsayawa, na san faɗin gefen kowane gida, amma ban san abin da kalma ɗaya take nufi ba. Ingilishin ya tafi da mai shi.

Ya Allah, ga bawanka Muttaƙa ɗan Mala ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka sauƙaƙa masa amsa tambaya. Haƙurin da ya yi da rashin ido ka sa ya zama nauyi a mizaninsa, buƙatun mutane da ya isar kuma ka sa su tsaya masa ranar da kowa ke neman mai tsaya masa.

Ina yi wa Altine ta'aziyya, Allah ya ba ta haƙuri, ya fitar da ita takaba lafiya, ya saka mata zaman da ta yi da shi. Ina yi wa Baffa Maigari da dukan dangi na Kwaya, da dangin Inna na ƙetaren iyaka, da Alhaji Mainassara, da Tanko, da duk wanda ya taɓa zama a zauren nan da buƙata a bakinsa. Allah ya raya Fadi da Inusa, ya shirye su, ya sa su gaji halinsa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Inusa kuwa, Yaya, bayan idonka ya rufe aka haife shi. Da tafin hannu kaɗai ka san fuskarsa. Allah ya haɗa ku a Aljanna bayan doguwar rayuwarsa, ya buɗe maka ido ka gan shi. Kamarku ɗaya. Amin.